Marin da Aka Sa wa Yayana a Karmo

Yayana ya riga ni zuwa Abuja da shekara takwas. Lokacin da soja suka miƙa mulki, ya riga ya yi rumfa tasa ta kansa a kasuwar Zuba, yana sarin lemo da abarba. Mu biyu kaɗai muka rayu wa Inna, ni ce ƙarama, shi ya sa yake kirana Auta har yau da furfura ta fito mini. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ya zama ubana. Shi ya tsaya na yi makaranta har jami'a, shi ya raka ni ranar da na fara aiki a wata hukumar tarayya da ke duba takardun filaye da gine-gine. Ya tsaya a bakin ƙofar ofishin da rigarsa mai ƙamshin ɓawon lemo, ya ƙi shiga, wai kada ya ba ni kunya.

Akwai kuma Kawu, ƙanin Inna, ubansu ɗaya. Shi ya fara kawo Yaya kasuwar yana saurayi, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Rumfarsa na jikin ta Yaya, sai dai ta Yaya ce ke bakin hanya, inda motoci ke sauke kaya.

Shekarun nan Abuja ta cika ta batse. Ko'ina gini, ko'ina otal, kowane otal kuma yana son 'ya'yan itace da safe. Yaya kan je Binuwai da kansa ya zaɓo lemo, ya sa a loda, shi kuma ya biyo motar fasinja. A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye, gari ya fara wayewa, 'yan fashi suka tare hanya kafin a iso Abuja. Suka fito da fasinjoji, suka kwantar da su rub-da-ciki a kan kwalta. Ana cikin haka tirela ta taho a guje. Direban ya hango bindigogi, ya ƙi tsayawa. Ya danne hon, ya bi ta kan mutane.

Yaya yana can gefe. Abokin tafiyarsa, wanda suke kwance kafaɗa da kafaɗa, bai tashi ba. Shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Aka yi ta zuwa barka, kowa na cewa ya gode wa Allah, ya fita lafiya lau. Ni ma haka na ce masa.

Bayan sati biyu ya koma kasuwa. Matarsa ce ta fara gaya mini ba ya barci, ba ya cin abinci, ƙaramin motsi sai ya daka wa yara tsawa, mutumin da ko ɗaga murya bai iya ba. Sannan aka ce mini in babbar mota ta yi hon sai ya faɗi. Zuba kuwa daga safe har yamma hon ne.

Wata Asabar na je na gani da idona. Damina ce, ƙasa ta caɓe da ruɓaɓɓen lemo. Na hango Yaya yana jera abarba, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Kawu na zaune a benci da wasu baƙin dillalai uku. Bai gan ni ba. Na ga ya ɗaga hannu ya yi wa direban wata babbar mota da ke tsaye alama. Direban ya yi murmushi ya danna hon, ya riƙe.

Yaya ya zube. Bai durƙusa ba, zubewa ya yi gaba ɗaya, fuskarsa a cikin caɓi, hannuwansa a ƙeya, ƙafafunsa na karkarwa. Kasuwa ta ɗauki dariya. Kawu ya nuna shi da carbi.

“Kun gani ko? Haka yake yi. Aljanin hanya ne ya hau shi.”

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, “Kawu, kai ka sa aka yi hon ɗin nan. Na gan ka.”

“Ke 'yar boko, rufe mana baki. Nuna musu nake, ko a cikinsu akwai wanda ya san mai magani.”

Amma da dariya a bakinsa yake maganar, har da ɗan hawayen dariya a gefen ido. Na ɗaga Yaya, na share masa fuska da gyalena. Bai kalle ni ba. A hankali ya ce, “Auta, je ki gida. Kada ki ƙara zuwa nan.”

Laifina a nan shi ne na tafi. Sati biyu bayan haka ofis ya tura ni kwas Legas na wata huɗu, na ce in na dawo zan kai shi asibiti. Lokacin na sayi wayar salula ta farko. Yaya ba shi da ita, Kawu ke da ita, don haka shi nake kira. Kullum amsa ɗaya: “Yana gida wajen Innarku, yana hutawa, yana samun sauƙi.” Garinmu babu sabis a lokacin. Ashe ita ma Inna an aika mata cewa yana asibiti a Abuja, ni nake kula da shi.

Da na dawo na tarar da ɗakinsa a kulle. Rumfarsa kuwa an yi mata sabon fenti, an cire katangar katakon da ta raba ta da ta Kawu, sun zama ɗaya. Matarsa na same ta a Kado, gidan wata gwaggonta mai suyar kifi, ita da yara. Tana ganina ta fashe da kuka.

“Kawu ya ce in na gaya miki, abin zai dawo kan 'ya'yana.”

“Ina yake?”

“Karmo. Gidan wani mai magani. Sau ɗaya aka bar ni na gan shi.”

A ranar na tafi. Na yi ta shiga lunguna ina tsallake kwata, ina tambaya. Wata mata mai sayar da gasasshiyar masara, da Hausarta ta 'yan koyo, ta nuna mini da baki. Ta ce, “Wannan gida, mutane yana kuka kullum. Ka shiga da hankali.”

Na zaci zan ga wani tsoho cikin tsumma. Sai ga mutum matsakaici, fes da shi, farar shadda, turare na tashi, waya biyu a hannu. Ya saurare ni cikin ladabi, ya ce wanda ya kawo mara lafiya shi kaɗai ke fitar da shi, kuma aiki bai ƙare ba, aljanin mai taurin kai ne.

Na ciro katin shaidar aikina na ɗora masa a kan tebur. Na kara waya a kunne, ko lamba ban danna ba, na fara Turanci da ƙarfi ina “oga, oga”, ina kwatanta lungun, ina cewa a turo mota biyu. Ya ɗauka da gaske ne. Ya miƙe ya ɗauko makullai.

Ɗaki ne na langa-langa, babu taga. Mutum biyar ne a ciki, wari kamar ya kayar da mutum. Yaya na can kusurwa, an sa masa mari a ƙafa, an ɗaure sarƙar a jikin wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota. Idanunsa sun yi jawur saboda hayaƙin barkono da ake tura musu safe da yamma. Bayansa duk shatar dorina, wasu sun warke, wasu suna ruwa. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

Ya ce, “Auta, kin dawo? Kin ci jarrabawar?”

Wayata ba ta ɗaukar hoto. Na fita da shi na zaunar da shi a tasi, na koma bakin titi na samo mai hoto, na dawo da shi. Na sa ya ɗauki idon sawun Yaya da bayansa, a nan cikin motar, mutane na leƙe. Ban yi kuka ba. A raina ina lissafa su biyu ne: mai farar shadda, da Kawu.

Asibitin da na fara kai shi, likitan bai yi minti biyar da mu ba. Ya ji an ce faɗuwa, rashin barci, ɗauri, ya rubuta taɓin hankali, ya sa a yi masa allura duk wata. Allurar ta sandarar da shi. Ya koma tafiya kamar an ɗaure masa katako a baya, yawu na zuba, hannu na rawa. Ya daina faɗuwa in an yi hon, gaskiya ne, amma ya daina komai ma. Wata biyar yana ɗakina a zaune yana kallon bango.

Wata abokiyar aikina, wadda mijinta soja ne da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a waje ba yadda ya tafi ba, ita ta gaya mini an buɗe wani sashe na masu irin wannan lalura a wani asibitin, akwai wata likita da ta dawo daga ƙaro karatu. Na kai shi ba don na sa rai ba.

Likitar 'yar kudancin Kaduna ce, ba ta girme ni ba sosai, Hausa a bakinta radau. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ba ta bayan tebur ba. Tana da wata takarda mai jerin tambayoyi: yana mafarkin abin? Yana ganinsa ido biyu kamar yanzu yake faruwa? Akwai wuraren da yake gudu? Yana jin muryoyin da babu masu su? Wannan ta ƙarshe ya ce a'a. Ta sake tambaya ta wata hanya, ya sake cewa a'a. Sai ta ajiye takardar.

Ta ce, “Malam, me ya faru a kan hanyar nan? In za ka iya faɗa. In ba za ka iya yau ba, babu komai.”

Fiye da shekara guda ke nan, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Har ni. Kowa ya san labarin, don haka babu wanda ya tambaye shi.

Ya dubi hannunsa. Sannan, da harshen nan da allura ta nauyaya, ya ce suna kwance abokinsa ya kama hannunsa. Da suka ji hon, shi ya fizge hannunsa ya mirgina gefe.

“Da jan shi na yi. Hannunsa na cikin nawa, likita. Na fizge.”

Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji a bakin babban mutum ba. Ba ta ce ya yi haƙuri ba, ba ta ce ya daina ba. Ta bar shi ya gama.

Daga baya ta yi mana bayani. Ta ce wannan ba hauka ba ne, kuma allurar da ake yi masa ta wata cuta ce daban. Ta faɗi sunan abin da Turanci, wasu haruffa huɗu, ta ce a Hausa sai dai a ce raunin da mummunan firgici ke bari a ƙwaƙwalwa. Jiki ya tsira, amma ƙwaƙwalwa ba ta samu labarin cewa abin ya wuce ba, shi ya sa duk hon ɗin da ya ji, a wajenta tirelar nan ce ke tahowa. Ta ce a da ba a cika gane shi ba, sai a haɗa kowa a kira shi mahaukaci, amma yanzu an san shi, kuma ana warkewa.

Na tambaye ta, “Da tun farko nan aka kawo shi fa?”

Ta ce ba ta son cewa da an yi kaza, amma tunda na tambaya, mai yiwuwa da 'yan watanni sun isa. Yanzu rauni biyu ne. Na hanya, da na ɗakin da aka ɗaure shi. Kuma na biyun zai fi wuyar warkewa, don waɗanda ya yarda da su ne suka kai shi.

Na ce, “Likita, ki rubuta mini wannan. Ki sa hannu, ki buga hatimi.”

Ta dube ni sosai, amma ta rubuta.

Aka janye allurar a hankali, aka ba shi wata 'yar ƙwaya ɗaya da safe. Sauran maganin duk magana ce. Duk Talata yakan je su zauna awa guda. Ta koya masa yadda zai ja numfashi ya ƙirga in ya ji abin na tasowa, ya taɓa abin da ke kusa da shi ya faɗi sunansa, ya faɗi inda yake. Ta sa ya yi ta maimaita labarin safiyar nan, daga farko har ƙarshe, har ya iya faɗinsa ba tare da ya jiƙe da gumi ba. Ta ɗauko ƙarar hon a waya, tana kunna masa ƙasa-ƙasa, kowane sati ta ɗan ƙara. Daga baya ta ce in riƙa kai shi bakin babban titi mu zauna, minti biyar, sannan goma. Ranar Alhamis kuma sukan haɗu su da yawa, sojoji biyu, wani direba, da wasu mata da suka tsere daga rikici a garuruwansu. Ranar farko da ya dawo daga zaman nan ya ce mini, cikin mamaki, “Auta, har da soja. Ƙato, ya fi ni tsawo. Shi ƙarar murfin tukunya ce ke firgita shi.”

Bai warke a miƙe ba. Akwai lokacin da ya yi wata guda lafiya, sai ya ga makulli da sarƙa a ƙofar wani shago, ya koma ɗaki kwana uku. Amma ya dawo mutum. Ya dawo da iyalinsa, ya kafa ɗan tebur a wani layi mara hayaniya a Kado, yana yanka kankana da abarba.

Wata rana likitar ta tsayar da ni a baranda. Ta ce, “Ke kuma fa, Malama? Kina barci?”

Na ce ina yi.

“Tun da kike zuwa nan ban ga haƙoranki ba. In kina so ki zo mu zauna, ke kaɗai.”

Na ce, “Na gode, likita. Nawa ba na so a warkar da shi tukuna. Ina da aiki da shi.”

Da mai farar shadda na fara. Abu ɗaya da aikin gwamnati ya koya mini shi ne yadda takarda ke tafiya, da teburin da take mutuwa a kai. Na rubuta ƙorafi, na haɗa da hotunan da rahoton likita, na yi kwafi bakwai. Ban aika ta hannun kowa ba. Da ƙafata na kai kowane ofis, na sa aka buga mini hatimin karɓa. Duk Litinin in na tashi aiki sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har sakatarori suka san takuna, suna ganina su ce, “Madam Karmo ta zo.” Wata takwas ina wannan.

Ranar da 'yan sanda suka je gidan mai maganin, na ɗauki hutun yini. Da hantsi ne. Aka fito da mutum goma sha ɗaya, har da mata biyu, wasu sai da aka ɗauke su don ƙafafunsu sun manta tafiya. Aka fito da mai farar shadda a ƙarshe, da ankwa a hannu. Na matsa har jikin motar 'yan sandan don ya gan ni.

Na ce, “Ka gane ni?”

Ya kau da kai.

“Wancan karon babu kowa a wayar. Yau ga su.”

Bai yi wata biyu a tsare ba aka sake shi. Na ji ya koma wani ƙauye a bayan Suleja ya sake buɗewa. Na sake rubutawa, aka sake korarsa, daga nan na rasa inda ya yi. Har yanzu in na ji an ambaci mai magani mai ɗaure mutane, sai na tambayi kamanninsa.

Kawu ya fi wuya, don shi babu dokar da ta kama shi. Na so mu kai maganar rumfa gaban shugabannin kasuwa, Yaya ya ƙi. Ya ce ko an ba shi ba zai iya zaman Zuba ba, a bar masa. Inna ta ce ɗan'uwanta ne, niyyar taimako ya yi, in rufe maganar. Na rufe bakina. Na daina gaishe shi, ko a biki ko a makoki. In ya shigo wuri sai in tashi.

Shekara shida na jira. A cikinsu Kawu ya bunƙasa, yana kai kaya manyan otal-otal, ya yi mota, ya yi tumbi. Ni kuma an ƙara mini girma sau biyu. Wata safiya aka ajiye mini fayiloli, ina buɗe na uku na ga hotonsa manne a kusurwa. Ya samu fili a hanyar Kaduna zai gina babban sito mai na'urar sanyi, yana neman izinin gini.

Na rufe ƙofar ofis na karanta fayil ɗin shafi-shafi, kamar mai neman ƙwarƙwata. Na samu. Kusurwa ɗaya ta ginin ta hau hanyar ruwa. Ba ƙarya na ƙirƙira ba, abin yana nan a zane. Amma na san yadda ake yi da irinsa. Akan kira mai fili a ce ya ja ginin baya kaɗan, ya kawo sabon zane, shi ke nan. Na yi wa mutane da yawa haka, waɗanda ban ma sani ba. Na kuma sa aka je aka duba, aka tarar ya riga ya fara gini ba tare da izini ba, bango ya kai linta. Na ɗauki jan biro na rubuta duka biyun, dalla-dalla, na ba da shawarar a hana izini a rushe abin da aka gina. Na kai wa ogana da hannuna.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Kawu. Wani ya gaya masa teburin da fayil ɗinsa ya bi. Na ce wa sakatariyata ya jira. Ya yini a benci, na fita ta gabansa na tafi gida. Washegari ma haka. A rana ta uku, bayan la'asar, na ce ya shigo.

Ya shigo yana murmushi, babbar riga tana jan ƙasa. “'Yata, ashe ke ce a nan. Allah mai iko.”

Rabon da ya ce mini 'yarsa tun ina firamare. Ban ce ya zauna ba.

“An ce akwai 'yar matsala a takardata. Na ce ai gida ne.”

“Babu matsala, Kawu. An gama da ita. Za a rushe.”

Murmushin ya tafi. Ya ce duk abin da ya tara yana cikin ginin nan. Ya ce in dubi zumunci, in dubi Inna. Na jawo aljihun tebur na ciro hotunan, waɗanda suke nan tun ranar da na samu ofis nawa. Na jera masa su a kan tebur.

“Ka taɓa ganin waɗannan?”

Ya kalla sau ɗaya ya ɗauke ido. “Ni magani na kai shi. Wa ya san wannan cutar taku ta Turawa a lokacin? Kowa aljani ya ce.”

“Na yarda ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Amma ka san ka ce mini yana wajen Inna. Ka san ka ce wa Inna yana wajena. Ka san ka fasa katangar rumfarsa tun yana ɗaure. Kuma ranar da ka sa aka yi masa hon a gaban baƙi, dariya kake. Wannan ba sai likita ya gaya maka ba.”

Ya ce, “Yanzu ramawa za ki yi da kujerar gwamnati?”

Na ce, “Ginin naka a kan hanyar ruwa yake ko ba a kai yake ba?”

Ya fita bai rufe ƙofa ba. Ya bi manya, ya kai ƙorafi, amma abin da na rubuta gaskiya ne, babu wanda ya yarda ya sa hannu a kan akasinsa. Ranar da katafila ta je, na ɗauki tasi na tsaya a tsallaken titi. Minti ashirin aka yi. Kawu na tsaye hannu a ka, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Na jira in ji tausayi, ban ji ba. Na ji yunwa, na tsaya a hanya na sayi tsire na ci a mota.

Inna ta yi wata uku ba ta amsa wayata. Yaya kuwa ya zo gidana ranar Juma'a, ya zauna ya daɗe yana juya kofin shayi.

“Auta, ba don ni kika yi ba. Ni ban sa ki ba.”

“Na sani, Yaya.”

“Likita ta ce mini abin da mutum ya riƙe, shi ma yana riƙe da shi. Ki je ki gan ta.”

Na ce zan je. Ban je ba.

Kawu bai talauce ba, kada a ɗauka haka. Ya girgiza, ya sayar da mota, bayan 'yan shekaru ya farfaɗo. Da ya samu kujerar Makka, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara kamar yadda ake yi. Ya je wajen Yaya a teburinsa na Kado. Yaya ya ce ya yafe duniya da lahira, har ya yanka masa abarba.

Gidana ya zo da yamma, ana gobe za su shiga sansanin alhazai. Ya tsufa, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo ruwa, na zauna nesa.

Ya ce, “To, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. In akwai abin da na yi miki ba daidai ba, ki yafe mini.”

Na ce, “Kawu, cire ‘in’ ɗin. Faɗi abin da ka yi, da bakinka, ko sau ɗaya.”

Ya dubi ƙasa. Leɓensa ya motsa, na zaci zai faɗa. Sai ya ce, “Ai ɗan Adam ajizi ne. Abin da ya wuce ya wuce.”

“Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.”

“Amin. Amma ban ji kin ce kin yafe ba.”

“Ban ce ba.”

Ya zauna kamar minti biyar yana jira. Ni ma ina zaune. Da aka kira magariba ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Na raka shi har bakin ƙofa, na riƙe masa ƙyaure ya fita, don ƙanin uwata ne.